Rolar da ke ɗaukar zafi cikin sakan huɗu: yadda nake naɗa gashi da ita a Sakkwato

Ranar da na fara jona 'yar tukunyar lantarkin nan mai ɗumama rolar naɗa gashi a shagona da ke Mabera, akwai wata dattijuwa zaune a benci, ta rako jikarta gyaran kai. Tana kallo na jefa rola a ramin tukunyar, na'urar ta yi 'yar ƙara, na ciro da hannuna ba tsumma ba komai, na naɗa a gashin yarinyar. Jim kaɗan yarinyar ta ce, "Anti, ya fara ɗumi." Dattijuwar ta taso ta leƙa ramin, ta zura yatsa, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, wanga abu ba garwashi, ba ruwan zahi, mi ka ɗumama shi?" Na ce, "Inna, sai na tambayo miki."

Da yamma na kira autanmu, wanda ya karanta lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Ya juya tukunyar, ya karanta rubutun gindinta, ya ce, "Yaya, kin taɓa ganin cikin fanka idan mai gyara ya buɗe ta? Jar wayar nan da aka nannaɗe?" Irinta ce a ɓoye cikin bangon tukunyar, ta zagaye ramin. Wutar da ke shigowa gidajenmu tana kai da komo sau 50 a kowane sakan. Na'urar sai ta karɓe ta, ta mayar da kai-komon nan sau dubbai a sakan guda, wayar kuma ta haifar da ƙarfin maganaɗisu a cikin ramin, irin na mayen ƙarfe amma mai jujjuyawa ba tsayawa. Roba ba ruwanta da shi, yatsa ma haka, shi ya sa Inna ba ta ji komai ba. Amma kowace rola akwai ƙarfe lulluɓe a cikinta. Da ƙarfen ya shiga ramin, sai wuta ta taso a jikinsa tana zagayawa, shi kuma yana tirje mata, tirjiyar nan ita ce zafin. Ashe ba tukunyar ce ke zafi ta sam wa rola ba, rolar ce ke haifar da zafinta daga ciki.

Ya ce ilimin ya tsufa. Wani masani Bature, Michael Faraday, shi ya gano a Landan a 1831 cewa maganaɗisu mai sauyawa yana tayar da lantarki a waya, a 1855 kuma Léon Foucault na Faransa ya nuna yadda irin wannan wuta mai zagaye ke ɗumama ƙarfe. Da shi murhun girkin nan mai fuskar gilashi yake aiki, wanda tukunya ke tafasa a kansa ba harshen wuta. Cikin kamfanonin da suka kawo shi harkar gashi, wanda ya fi suna shi ne Cloud Nine na Ingila, da na'urarsa TheO, wadda suka ce tana kai rola digiri 130 a ƙasa da sakan 4. Akwai wasu kamfanonin masu irinta. Tawa wata 'yar uwa ce ta zo mini da ita.

Amfanin wannan bayani ga hannunki shi ne: tunda daga ciki zafin yake fitowa, kina da 'yan sakanni da za ki riƙe rolar ki naɗa kafin ya iso bayanta. Tsofaffin rololin lantarki, masu zama jere a kan faranti, sai ki jira su minti goma ko fiye, su yi zafi gaba ɗaya, na farko su ƙona miki yatsu, kafin ki kai na ƙarshe sun huce. Wannan kuwa ɗaya bayan ɗaya ake ɗumamawa, kowace tana hawa kai da cikakken zafinta.

Amma abin da nake so ki riƙe, 'yar uwa, ko da kin manta sauran, shi ne ba zafi ke naɗa gashi ba. Hucewa ce ke naɗa shi.

Silin gashi an gina shi ne da wani sinadari da ake kira keratin, kuma abubuwa biyu ne suka fi riƙe siffarsa. Akwai ɗauri mai ƙarfi, wanda sai magani irin rilaksa ke iya karya shi, shi ya sa aikinta ba ya komawa. Akwai kuma ƙananan ɗauri masu ɗimbin yawa amma marasa ƙarfi, waɗanda ruwa ko zafi ke kwancewa. Rola mai zafi waɗannan ƙananan take kwancewa, gashin ya yi laushi ya bi jikinta. Yayin da yake hucewa sai su sake ƙulluwa a sabuwar siffar. Kin san yadda ake zuba alewa da zafinta a bar ta ta daskare. In kika cire rola gashi na da sauran ɗumi, kin ɗaga alewa ke nan tun ba ta kama jikinta ba.

A jikin wata amarya na koyi wannan, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakin cike da ƙawaye, fanka a tsaye. Na gama naɗi, ana ta aiko yara cewa motoci sun iso. Minti bakwai ko takwas na fara warwarewa. A madubi ya yi kyau ƙwarai, gashi ya zubo a nannaɗe har kafaɗa. Kafin a gama ɗaura mata gwaggwaro ya fara saki, washegari yayarta ta kira ni ta ce, "Anti, ko hoto ba a kai ga ɗauka ba ya miƙe." Kuɗinta na mayar. Na'urar ta yi nata aikin cikin sakan huɗu, ni ce na ɗauka gashin ma haka zai yi sauri. Sauri kan haifi nawa.

Bari mu koma farko, wurin saye da jonawa, domin nan ne kuɗi ke salwanta. Ki juya tukunyar ki karanta gindinta kafin ki biya. Wutarmu a Najeriya 230V ce, don haka ki nemi wadda aka rubuta 220–240V. Ta Ingila daidai take da tamu, har filoginta mai ƙafa uku yana shiga soket ɗinmu. Wadda aka yi don kasuwar Amurka kuwa 120V ce, in kika jona ta kai tsaye, ƙauri kawai za ki ji. Ki duba lambar da ke da W a gabanta, ita ce ƙarfin wutar da take ja, ki nuna wa mai haɗa miki wuta. Na'urar ba ta cin wuta tana zaune, amma a 'yan sakannin nan da take ɗumama rola tana fizga da ƙarfi. A ƙaramin janareta na gida, duk rolar da na jefa sai ƙwan fitila ya dushe ya dawo, sai na daina. Yanzu a sola nake jona ta, da inbata mai ba da wuta sumul irin ta layin gari, wadda masu sola ke ce wa "fiyo sayin". Ƙananan inbatocin nan masu araha wutarsu a daddatse take, kayan lantarki irin wannan ba sa jituwa da ita. In wutar gari ce, ki bi da ita ta sitabilaiza. Kuma ki tabbata rololin nata ne. Rolar roba ta kasuwa ba ƙarfe a cikinta, ko ta kwana a ramin ba za ta yi ɗumi ba, ta wani kamfanin kuma ba a auna ƙarfenta da wannan tukunyar ba. Araha ba ta ado.

Girman rola da milimita ake faɗarsa, daga 20 har 60. Mata da yawa babba suke nunawa, saboda ita ce a hotuna. Lissafin da nake yi shi ne sau nawa gashin zai zagaye ta. Zagaye ɗaya lanƙwasa kawai yake bayarwa a baki, ɗaya da rabi ya ba da igiya mai laushi, biyu da rabi kuma shi ne naɗi sosai. Rola mai milimita 40, zagayenta ya ɗan haura santimita 12, wato sai gashi ya kusa santimita 19 kafin ya yi ɗaya da rabi. Mai 60 zagaye ɗaya kaɗai ya kusa santimita 19. Mai 20 kuwa santimita 6 da 'yan kai ne, ko gajeren gashi zai zagaye ta sau biyu. Ki ja silin gashi ki gwada a jikin rolar tana sanyi, nan take za ki san wadda za ki ɗauka. A shagona 30 da 40 sun fi kowanne aiki. Manyan sai masu dogon gashi mai santsi, ko a tsakiyar kai don ya tashi ya cika.

Shirya gashin ya fi naɗin ɗaukar lokaci. A tsefe kitso tun jiya in da hali, a wanke da shamfu, ko da karkashi ga mai son na gida, a ɗauraye tas, a sa kwandishina a sake ɗaurayewa. Sannan ya bushe ƙarau. Wannan ba abin sassauci ba ne: ruwa yana tafasa a digiri 100, rolar ta wuce haka, ruwan da ya saura a cikin sili zai iya tafasa ya bar 'yan kumfa a cikinsa, inda kumfar take nan gashin zai karye bayan kwana kaɗan. Ki zura yatsu har fatar kai, musamman ƙeya da bayan kunne, nan danshi ke ɓuya.

Man kaɗanya, man kwakwa, man kitso mai kauri, duk ki ajiye su sai an gama. Gashin da ya sha mai nauyi yake yi, ba ya riƙe naɗi, rolar ma ta yi maiƙo ta kwashi ƙura. Abin da ake sawa kafin zafi shi ne feshin kariyar zafi, kaɗan, a bar shi ya sha iska.

Sai batun irin gashin. Wannan rola ba ta miƙar da gashi. Mai gashi mai tauri wanda ba a taɓa sa wa rilaksa ba, irin nawa, in kika naɗa shi yadda yake, zai fito a cukurkuɗe, kuma ƙananan haƙoran da ke bayan rolar za su kama shi ki yi ta fama wurin cirewa. Sai an fara miƙar da shi da handiraya mai mataji a baki, da matsakaicin zafi, ko kuma a yi masa kitson zare ya kwana, da safe a warware. Na fi son zaren, domin ya rage wa gashin zafi ɗaya. Wadda ta sa rilaksa kuwa, ina ce mata ta ba shi mako guda tukuna, haka wadda ta sa lalle a kai, saboda yana barin gashi da ɗan bushewa. Gashin da ke zuba ko ya cinye a gaban goshi ba na sa masa zafi ko an roƙe ni. Ina ce mata, "Hajiya, ki bar shi ya huta wata biyu, ki dawo." Gashin roba kuma, irin na kanti, narkewa yake yi.

Yanzu naɗin. Tukunyar tana kan tebur a hannun damana, busasshen wuri, nesa da bahon wanke kai. Yarinyar da ke koyon aiki a wurina ita ke jefa rola, ni ina riƙe da gashi. Ka'idar ita ce gashi ya jira rola, kada rola ta jira gashi. Da kibiya nake tsaga layi daga goshi zuwa ƙeya, faɗinsa ya ɗan gaza tsawon rolar, sannan in yanki kashi ɗaya wanda kaurinsa bai wuce kaurin rolar ba. In taje shi daga baki zuwa tushe har mataji ya wuce ba tsayawa, in ɗaga shi sama, in ɗan karkato shi gaba wajen goshi. Sai in ce, "Jefa." Ta jefa, na'urar ta yi ƙara, ta miƙo. In ɗora bakin gashin a jikin rolar, in shafe shi da wutsiyar mataji ya kwanta sumul, domin bakin da ya lanƙwashe a nan haka zai fito kamar ƙugiya, ba mai gyara shi sai ruwa. In naɗe zuwa tushe, da ɗan ja amma ba mai ɗaga fata ba, in maƙale da kilif. Karkatowar nan da na yi gaba ita ke sa rolar ta zauna daidai kan tushenta, gashin ya tashi daga fata maimakon ya kwanta. Daga nan layin tsakiya har ƙeya, sannan gefe da gefe.

Bayan kamar rabin minti zafin ke isowa waje sosai. A lokacin nake tambaya, "Ƙanwata, yana cin ki?" Kusa da kunne da ƙeya ina cusa 'yar auduga tsakanin rola da fata. In ta ce da zafi, ɗaga rolar nake yi kaɗan in cusa audugar, ba na cewa ta daure. Gashin gaban goshi kuwa, 'yan ƙananan nan, ba na haɗa su cikin ja. Kitso mai tsauri ya riga ya cinye na mata da yawa a garin nan, ba sai rola ta ƙarasa ba.

Sai jira. Rololina suna da ɗigo a gefe mai sauya launi idan sun huce, amma ban dogara da shi kaɗai ba. Bayan hannuna nake ɗorawa a kan gashin da ke naɗe, in kuma zura ɗan yatsa cikin ramin rolar. In na ji ko ɗan ɗumi ya fi na ɗakin, da saura. Da hunturu minti goma sha biyar ya ishe ni. Da bazara, a ɗakin da shi kansa ya yi zafi, abu ba ya saurin hucewa, nakan kai minti ashirin da biyar zuwa talatin, fanka na kaɗa kanta. In akwai handiraya mai maɓallin iska mai sanyi, ina bin kowace rola da ita. In ba wuta, mafici ma yana aiki, ƙawayen amarya suna karɓa-karɓa. Lokacin nan ba asara ba ne, a cikinsa ake kwalliyar fuska.

Cirewa daga ƙeya ake farawa a hau sama, a warware rolar a hankali yadda aka naɗa ta, ba a fizgo ta ƙasa ba. Kowane naɗi ki bar shi ya koma ya dunƙule, kada ki taɓa shi sai an cire duka, ki ƙara masa minti biyu ko uku. Yanzu ne lokacin mai: ɗigo biyu a tafin hannu, ki murza, ki raba naɗin da yatsu. Mataji mai ƙananan haƙora ba shi da aiki a nan.

Akwai abin da takardar da ke zuwa cikin kwalin ba za ta gaya miki ba, domin ba don mu aka rubuta ta ba. Ruwa yana kwance ɗaurin nan kamar yadda zafi ke kwance shi, mu kuwa masu alwala ne, kuma a Malikiyya kai duka ake shafa, daga goshi zuwa ƙeya. Shafa da jiƙaƙƙen hannu ba ya rushe naɗin gaba ɗaya, amma saman kai zai saki kaɗan kowane lokaci. Ba na yarda wata ta ce za ta jinkirta salla ko ta taƙaita alwala saboda gashi. Lokacin aikin ake gyarawa. In taron bayan Isha ne, ina zuwa gidan da tukunyata a jaka kafin Magariba, gashi an riga an wanke an miƙar tun rana. Amarya ta yi alwala ta yi Magariba, mu bar danshin shafar ya bushe sarai, in bi da handiraya in ya kama, sannan in naɗa, in bar goshinta a sarari yadda zai taɓa ƙasa. Ta riƙe alwalarta, ta zura babban hijabi a kan rololin ta yi Isha. Kafin ta sallame sun huce, ba wanda ya tsaya a kaina yana cewa in yi sauri. Tun da na koma wannan tsari ban sake mayar da kuɗin kowa ba.

Yanayin gari ma da nasa. Da damina iska na ɗauke da danshi, naɗi ba ya wuce yini, don haka nakan sauka zuwa rola mafi ƙanƙanta da mataki ɗaya, in ya saki ya tsaya inda ake so. Da hunturu yana daɗewa har kwana biyu ko uku, sai dai gashin na bushewa yana karyewa, ba na yi wa mace ɗaya fiye da sau ɗaya a mako biyu. Da bazara gumin ƙarƙashin ɗankwali ne abokin gaba. Da dare a tattara gashin sama a sassauce, a ɗaura ɗankwali mai santsi, ba na auduga ba.

Ramin nan ba ya bambance ƙarfen rola da wani ƙarfen. Wata rana fil ɗin gashi ya maƙale a bayan rola, yarinyata ba ta lura ba ta jefa, da ta ciro fil ɗin ya tasar mata da bororo a yatsa. Tun daga ranar, mai jefa rola tana cire zobe da warwaro, filolin gashi kuma suna wani tebur dabam. Katin ATM da waya ma a nesa. Rolar da ba ta huce ba kada a sake jefa ta, zafi kan zafi ne. Wadda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ta gaya miki tun daga ƙofa. Ga murhun girki mai irin wannan aiki, shawarar likitocin zuciya ita ce a ba shi tazarar santimita 60, ni kuwa ba na kunna tukunyar kusa da mai irin wannan na'ura sai ta tambayi likitanta.

In kitso kike yi mako-mako, gashinki a rufe, sau biyu a shekara kike sakin sa, kada ki kashe kuɗinki, ki je shago ranar da kike so. Mai shagon da ke karɓar amare kuwa za ta ci moriyarta, da sharaɗin ta sayi rololi da yawa. Kai ɗaya mai cika yana cin goma sha biyu zuwa goma sha shida, kuma suna kan wannan kan har rabin awa, in akwai ta biyu a layi sai da wani saitin. Bayan kowace mace ina cire gashin da ya maƙale da tsohon buroshi, in goge rolar da auduga da sifirit saboda ƙwarƙwata da makero, in bar ta ta bushe kafin ta koma ramin. Ba na tsoma su a ruwa. Tukunyar kuma in na zare filogi na goge ta, cikin jakar matashin kai nake sa ta in ɗaure bakin, domin ƙurar hunturun Sakkwato ko a cikin durowa sai ta same ta.